Kashe Gobara a Ƙasar Haɗejiya: Neman Rabonmu Daga Tallafin Gwamnati

Jawabin da aka gabatar a wajen babban taron shekara-shekara na ƙungiya



Gabatarwa

Shugabannin wannan ƙungiya sun umarce ni da in yi tsokaci a kan tallafin da gwamnati ke bai wa hukumomin kashe gobara, musamman a yankunan da ke bakin iyaka, da kuma yadda ƙasarmu ta Haɗejiya za ta sami rabonta. Abin da nake son in bari a zukatanku ɗaya ne: irin wannan kuɗi yana tafiya ne inda aka rubuta takarda mai hujja, aka kai ta ofishin da ya dace, aka kuma bi sawunta. Mutanen da suka fi kowa damar yin wannan aiki kuwa su ne waɗanda ke zaune a cikin wannan zaure.

Inda Allah ya ajiye mu

Masarautar Haɗejiya ta ƙunshi ƙananan hukumomi 8 daga cikin 27 na Jihar Jigawa, wato Haɗejiya, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Kiri Kasamma da Guri. Tun da aka ƙirƙiro jihar a ranar 27 ga Agusta, 1991, muka tsinci kanmu a gefenta na gabas. Birniwa da Guri sun yi iyaka da Jihar Yobe, Kafin Hausa na kallon Jihar Bauci, ita kuma Jigawa gaba ɗaya ta jingina da yankin Damagaram na Jamhuriyar Nijar. Gaskiya ne garin Haɗejiya ba a kan shingen iyakar ƙasa yake ba, Maigatari da ke Masarautar Gumel ita ke riƙe da wannan matsayi. To amma manyan motocin da ke ɗauko mai daga Kano zuwa Nguru ta cikin ƙasarmu suke ratsawa, kuma fatakenmu na dabbobi da hatsi ba sa fashin kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis.

Zaman bakin iyaka yana da nasa haɗari. A watan Nuwamba na 2019 Hukumar Kwastan ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, don daƙile fasa-ƙwauri. Duk inda mai ya yi wuya a gidan mai kuwa, jarkokin 'yan bumburutu ne ke maye gurbi, a ajiye su a shago ko a zaure, kusa da murhu. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, fetur ya zama abin da talaka ke kallo kamar zinariya, har ya manta da cewa wuta ce a cikin mazubi.

Sai kuma halin fadamarmu. Hausawa na cewa gobara daga kogi, maganinta sai Allah. A ƙasar Haɗejiya wannan karin magana ya kusa zama zahiri. Da damina kogi yakan yi ambaliya, kamar yadda muka gani a 2018, 2020 da 2022, ya yanke hanyoyin ƙauyukan Auyo, Kafin Hausa, Kiri Kasamma da Guri. Da zarar hunturu ya kama, ciyawar kacala da ta toshe magudanan ruwa ta bushe, ga karan shinkafa jibge a gonaki, ga rumbuna cike da amfanin shekara, ga masu bandar kifi da wutarsu, ga tsofaffi na jin ɗumin garwashi a ɗakunan zana. Iska ɗaya ta isa ta haɗa waɗannan duka.

Darasin Majiya

A daren Talata, 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar mai da ta taso daga Kano za ta Nguru ta faɗi a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura, a kan hanyar da dukkanmu muke bi idan za mu gida. Jama'a suka taru suna kwasar man da ke malala, wuta ta tashi. Kwamitin binciken da Gwamna Malam Umar Namadi ya kafa ya bayyana cewa mutum 209 ne suka rasu. Asibitocin Ringim da Haɗejiya na cikin waɗanda suka karɓi masu ƙuna. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri. Watanni uku bayan haka, a ranar 18 ga Janairu, 2025, irin wannan musiba ta sake aukuwa a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, aka rasa fiye da mutum 80.

Abin lura a nan shi ne, da zarar tanka ta fashe, aikin gama ya gama, ko motoci goma aka kawo. Lokacin ceton rai shi ne tsakanin faɗuwar motar da tashin wutar. A wannan ɗan taƙi ne 'yan kwana-kwana da jami'an tsaro ke killace wuri, su kori jama'a, su lulluɓe man da kumfa ta musamman wadda ke hana tururinsa tashi. Ruwa zalla ba ya kashe wutar fetur, domin man yana yawo a saman ruwa, sai ma ya ƙara yaɗa ta. Majiya ba ta cikin masarautarmu, amma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Jar mota kaɗai ba ta isa ba

Mun saba idan aka ce kwana-kwana, jar mota kawai muke gani. Mu yi ɗan lissafi na misali. Motar da ke ɗauke da lita 5,000 na ruwa, idan tana fesa lita 500 a minti ɗaya, cikin minti 10 ta ƙare. Idan kuma za ta yi tafiyar kilomita 40 da nauyinta, tana gudun kilomita 60 a awa, sai ta ci minti 40 kafin ta isa, ban da lokacin da aka ɓata wajen neman lambar waya. Gidan zana da rumbu ba sa jiran minti 40.

Saboda haka buƙatarmu ta kasu gida huɗu. Ta farko, ƙananan tashoshi a hedkwatocin ƙananan hukumomin da ke nesa, irin su Birniwa da Guri, domin a rage tazara. Ta biyu, wuraren ɗiban ruwa: rijiyar burtsatse da babban tanki a kowace babbar kasuwa, da mashigar mota a gefen magudanan aikin noman rani na Auyo, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a 2023. Abin kunya ne a ce motar kashe gobara ta rasa ruwa a ƙasar da kogi ya ratsa. Ta uku, kumfa da rigunan kariya da horar da ma'aikata, har da jirgin kwale-kwale mai inji, tun da yake ceton wanda ya faɗa ruwa ko rijiya yana cikin aikin 'yan kwana-kwana. Ta huɗu, wadda aka fi mantawa da ita, kuɗin yau da gobe: man dizal, taya, batir da gyara. Motar da aka buɗe da biki, aka bar ta babu batir, ba ta da bambanci da wadda ba a saya ba.

Ƙofofin da za a ƙwanƙwasa

Ƙofa ta farko ita ce ta jiha, domin Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Jigawa ce ke da alhakin aikin yau da kullum, kuma kasafinta yana bi ta Majalisar Dokoki ta Dutse, inda muke da wakilai. Ta biyu ita ce Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, da dokarta ta 1963. Ta uku ita ce Hukumar Raya Al'ummomin Kan Iyaka, wadda aka fi sani da BCDA, da aka kafa bisa dokar 2003 don samar da ababen more rayuwa ga garuruwan bakin iyakar ƙasa. Jigawa na cikin jihohin da aikinta ya shafa, kuma duk tashar da aka samu a Maigatari sauƙi ne ga dukkan arewacin jihar, don haka ya kamata mu haɗa kai da 'yan'uwanmu na Gumel a shigar da buƙata ɗaya.

Ƙofa ta huɗu ita ce Hukumar Raya Yankin Arewa Maso Yamma, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa dokarta hannu a watan Yuli na 2024. Ta biyar ita ce ayyukan mazaɓu na 'yan Majalisar Tarayya. Ta shida kuma ƙananan hukumominmu ne, ganin cewa a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan su kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Su ne suka fi dacewa da ɗaukar nauyin dizal da gyara.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

A Amurka, tun shekarar 2001 gwamnatin tarayya ke gudanar da wani shirin tallafa wa hukumomin kashe gobara ta hannun hukumar ba da agajin gaggawa ta FEMA. Kowace hukuma ita ke rubuta buƙatarta, ta nuna yawan jama'ar da take karewa da irin haɗarin da ke yankinta, sannan ta zuba nata kason: kashi 5 cikin 100 ga ƙananan garuruwa, ya haura zuwa kashi 15 ga manyan birane. A Turai kuma, shirin Interreg da aka fara a 1990 yana ba yankunan ƙasashe maƙwabta kuɗi idan suka kawo aiki na haɗin gwiwa, kuma yankunan iyakar Sifaniya da Fotugal sun yi amfani da shi wajen yaƙi da gobarar daji. Darasi biyu za mu ɗauka: mai nema ya zo da hujja a rubuce, ya kuma nuna abin da shi ma zai sa.

Shawarwari

Ina ba wannan taro shawarar ya kafa kwamiti na mutum kaɗan, wanda zai ƙunshi injiniya, lauya, akanta da tsohon jami'in kwana-kwana. Aikinsa na farko shi ne ya nemi izinin fada, ya bi ta hannun hakimai da dagatai, ya tattara tarihin gobarar da aka yi a kowace gunduma cikin shekaru biyar: rana, wuri, dalili da asara. Na biyu, ya zauna da jami'an kashe gobara na jiha, ya ji abin da suke da shi da abin da suka rasa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na uku, ya fitar da takardar buƙata mai ɗauke da farashi, ya miƙa ta ga wakilanmu kafin a fara tsara kasafin kuɗin shekara mai zuwa, don ba a fafe gora ranar tafiya. Na huɗu, ƙungiya ta ware wani abu daga asusunta, ko da tankin ruwa ɗaya ne a kasuwar kifi, ya zama namu kason. Na biyar, a roƙi limamai da malaman makarantu su riƙa jan kunnen matasa game da kusantar tankar da ta faɗi, a kuma liƙa lambar 'yan kwana-kwana a ƙofar kowane dagaci da kowace tashar mota.

Kammalawa

'Yan'uwa, da yawa daga cikinku kun shaida gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna a birnin da ya fi mu motoci da ma'aikata. Gidajen da muke ginawa a gida, da buhunan shinkafa da riɗi da muke ajiyewa, da iyayen da muka bari a can, duk suna cikin wannan lissafi. A cikinmu akwai daraktoci a ma'aikatu, akwai 'yan jarida, akwai waɗanda ke iya ɗaga waya su sami sanata. Ina roƙon Shugaban taro da kada a tashi yau sai an sanar da sunayen 'yan kwamiti da ranar da za su kawo rahoto.

Allah ya kare mu daga gobara da ambaliya, ya ja zamanin Sarki, ya mai da kowa gidansa lafiya.