Darasin Gudu

Yau darasinmu a kan gudu ne. A raba nisa da lokaci, sai a sami gudu. Amalanke ya yi kilomita 12 cikin awa 3, kilomita 4 ke nan a awa. Babur mai kilomita 24 a awa, rabin awa ya isa. In mace na naƙuda a ƙauyen Mayahi, lissafin nan zai nuna muku abin hawa zuwa likita.

Gudu kuma yana tare da inda aka dosa. Motoci biyu sun bar Tasawa da gudu ɗaya: wannan yamma, Maradi, waccan gabas, Damagaram.

Direbobi, ku kula: gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa bayan birki ya ninka huɗu.

Sai mako mai zuwa.