Tarihi da Tattalin Arziki: Kwas Biyu da Bai Kamata a Raba Su Ba

Yau daga Fulatan nake magana, kuma da ƙannenmu masu shirin cike JAMB nake.

A nan yankin Rogo da Ƙaraye, in yaro ya ce Tarihi zai karanta, abin da zai fara ji shi ne, "To ka gama ka ci me?" In ya ce Tattalin Arziki, sai a ce madalla, zai shiga banki. Ni kuwa ina ganin wanda ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya, rabin ilimi ya ɗauko. A jami'ar Oxford ta Ingila digiri guda ake yi a kan su biyun. A BUK da ABU kowanne sashensa daban, amma ana koyar da tarihin tattalin arziki.

Mu ɗauki gyaɗa. Layin dogo ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suke so a noma musu saboda masaƙun Ingila. Manoman ƙasar Kano suka yi lissafinsu, suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, ga shi in kasuwa ta faɗi ana iya cinta, sai suka rungume ta. Kakanninmu ke nan fa, waɗanda ake cewa ba su yi boko ba. Daga nan aka samu dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata.

To ina kuɗin ya shiga? Nan ne wanda bai iya lissafi ba yake tsayawa. Daga ƙarshen shekarun 1940 hukumar sayen amfanin gona ce ke yanka farashi. Ta saya a hannun manomi da araha ta hanyar dillalanta, ta sayar a waje da tsada, ta riƙe rarar. Haraji ne wanda ba a kira shi haraji ba. An yi wa Arewa ayyuka da wani ɓangare na kuɗin, gaskiya ne, amma guminsa na mutumin ƙauye ne. Sai ga fari a farkon shekarun 1970, cutar gyaɗa a 1975, kuɗin fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati.

A 1986 Babangida ya kawo SAP, aka rushe hukumomin nan, aka karya darajar naira. Marigayi Dakta Bala Usman na ABU, malamin Tarihi ne fa, amma yana sahun gaba wajen ƙalubalantar masana tattalin arziki a kan bashi da sharuɗɗan IMF, da hujja da alƙaluma. Da aka cire tallafin mai a 2023 aka saki naira, wallahi da yawanmu a Facebook zagi kawai muka iya, don ba mu san an taɓa bin wannan hanya ba balle mu faɗi inda ta kai mu.

Saboda haka ƙanena, ƙanwata, in Tarihi kike so, kada ki gudu daga ajin lissafi, ki nemi kiredit ɗinsa a WAEC ko NECO. In Tattalin Arziki ka samu, ka ɗauki kwas na zaɓi a sashen Tarihi. In lokacin rubuta furojet ya zo, ku dawo gida. Madatsar ruwa ta Challawa tana nan Ƙaraye tun 1992: wa ya rasa gona, wa ya samu noman rani, nawa ake samu? Dattawan da suka ga komai da idonsu suna raye, ku je da littafi da biro.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.