Shin Kuɗin da Hukuma Ke Bai wa Jama'a Yana Shiga Lissafin Haraji? Misalin Amurka



Batun wannan lacca shi ne, idan hukuma ta ba mutum kuɗi saboda tsufa, ko rashin aiki, ko talauci, shin daidai ne ta komo ta ƙirga kuɗin nan cikin abin da ya samu, ta yanka masa haraji a kai? Mai saurin hukunci zai ce wannan wahalar banza ce, don me za a ba da abu sa'an nan a karɓi wani yanki nasa? Amma ƙasar Amurka ta shafe shekaru masu yawa tana juya wannan magana, amsar da ta bayar kuwa ba guda ɗaya ba ce.

A shekarar 1935, zamanin Shugaba Franklin Roosevelt, aka kafa dokar fanshon tsofaffi ta ƙasa baki ɗaya. Ma'aikaci na zuba wani kaso daga albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya zuba daidai da hakan. A 1938 da 1941 Baitulmalin ƙasar ya yanke cewa fanshon nan tamkar kyauta ce daga hukuma, saboda haka babu haraji a kansa. Haka aka zauna har shekara arba'in da 'yan kai.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne ƙarancin kuɗi. Da asusun fansho ya kusa ƙarewa, sai Shugaba Ronald Reagan ya naɗa kwamiti a ƙarƙashin Alan Greenspan, aka gyara dokar a 1983. Daga 1984 ana iya shigar da har rabin fanshon mutum cikin lissafin haraji. Me ya sa rabi? Hujjar ita ce, kason da ma'aikaci ya zuba ya fito ne daga albashin da aka riga aka cire wa haraji, amma kason maigidansa bai taɓa biyan ko anini ba. A 1993, zamanin Shugaba Bill Clinton, aka ɗaga iyakar zuwa kashi 85 cikin 100 ga masu samu da yawa.

A nan ne mutane ke ruɗewa. Ba wai hukuma na karɓe kashi 85 na fansho ba ne, a'a, wannan shi ne mafi yawan abin da za a ƙirga a matsayin samu. Alal misali, ga dattijo wanda ba shi da aure, fanshonsa dala 20,000 a shekara, yana kuma samun dala 18,000 daga haya. Za a haɗa kuɗin hayar da rabin fanshon, watau dala 28,000. Iyakar da doka ta sa wa mutum ɗaya ita ce dala 25,000, ya wuce ta da 3,000 ke nan. Rabin wannan, dala 1,500, shi kaɗai ne zai shiga lissafi. Ga ma'aurata iyakar dala 32,000 ce.

Kuɗin rashin aiki kuwa ya bi wata hanya. An fara sa wa wani sashensa haraji daga 1979, dokar 1986 ta mai da shi duka abin haraji, bisa hujjar cewa yana tsayawa ne a madadin albashi. A lokacin annobar korona an yafe haraji a kan dala 10,200 na farko, amma na shekarar 2020 kaɗai, kuma ga waɗanda samunsu bai kai dala 150,000 ba. Shi ko tallafin da ake bayarwa saboda tsananin bukata, kamar na sayen abinci da na gajiyayyu da naƙasassu marasa ƙarfi, ba a taɓa shi.

To, ƙa'idar ta fito: abin da ya maye gurbin albashi ana ƙirga shi, abin da aka bayar don ceton mabukaci ba a ƙirgawa. Ƙa'ida ce mai ma'ana, domin tsohon da ke da gidaje da hannayen jari bai kamata ya fi leburan da suke samu ɗaya da shi sauƙin haraji ba.

Sai dai akwai aibi babba. Iyakokin nan na dala 25,000 da 32,000 ba a ɗaga su ba tun 1984, alhali ana ƙara fansho gwargwadon tsadar kaya. Da fari masu hali ne kawai harajin ke kamawa, kimanin mutum 1 cikin 10 na masu karɓar fansho. Sannu a hankali ya gangaro kan masu matsakaicin ƙarfi, ba tare da Majalisa ta sake jefa ƙuri'a a kai ba. A 2025 Majalisa ta ba masu shekara 65 zuwa sama ƙarin rangwamen da ya kai dala 6,000, daga 2025 zuwa 2028, amma iyakokin ta bar su yadda suke.