Ajiyar Tugande da Tonka Ɗanye a Firigo

(Jawabin da malamin gona, ɗan ƙungiyarmu, ya yi a taron wata gaban mata masu garka da masu saida kayan miya. Mun buga shi saboda waɗanda ba su samu zuwa ba.)

 

Maganar da za mu yi yau ta yaji ce: tugande, wanda wasu ke kira attaruhu, da tattasai, da ɗanyen tonka. Kowa ya san yadda abin yake. Lokacin da garake sunka nuna, yaji ya cika kasuwa, har mai shi na roƙon a saya. In bazara ta kama kuwa, ɗan kashin da bai cika tafin hannu ba sai an ba da kuɗi masu nauyi. Shi ya sa kowace mace ke son ta saya da yawa sa'ad da shike da arha, ta ajiye. Yanzu gidaje da dama sun samu firigo, wasu na kuran, wasu na hasken rana. Amma sau nawa munka buɗe leda bayan kwana biyar munka tarar da ruwa da wari?

Abin ya faru a gidana. Bara uwargida ta sayo tiya biyu ta tugande, ta wanke shi tas, ta zuba a leda da ruwansa, ta ƙulle, ta tura can ƙuryar firigo inda sanyi ya fi yawa. Mako bai cika ba rabi ya narke. Ta ce firigon ne ba shi da kirki. Na ce a'a Hajiya, mu ne munka yi ma yajin laifi biyu: mun jiƙa shi, mun kuma ba shi sanyin da ya fi ƙarfinsa.

Ku riƙe wannan: yajin da aka tsinke bai mutu ba. Shina numfashi, shina fidda gumi. In an bar shi a fili, zafi ya shanye ruwan jikinsa, ya yamushe. In an toshe shi cikin leda, gumin ya taru, ya kwanta bisa fatarsa, ruɓa ta samu wurin zama. Aikinmu shi ne mu bi tsakiya: kada ya bushe, kada ya jiƙe.

Sai maganar sanyi. Yaji ɗan ƙasar zafi ne, asalinsa daga nahiyar Amurka ya fito. Masana ajiyar kayan lambu sun auna, sun ga sanyin da ya fi dacewa da shi digiri 7 zuwa 10 ne. A haka yakan yi mako 2 zuwa 3 da kyaunsa. Cikin firigo kuwa sanyi yakan kai wajen digiri 4, bangon baya ma ya fi haka. In yaji ya daɗe a irin wanga sanyi, fatarsa ta yi ƴan ramuka, jikinsa ya yi laushi kamar an dafa, ƴaƴan ciki su yi baƙi. Ba a cika ganin ɓarnar ba sai an fito da shi ya sha iska. Kore ya fi ja jin wanga ciwo. Wanda ya nuna ya yi ja ya fi jimiri.

To, ga yadda za a yi.

Na farko, a tsince. A baje yajin bisa faifai ko tabarma cikin inuwa, a duba ɗaya-ɗaya. Wanda ya fashe, da mai tabo, da wanda tsutsa ta huda, a ware su a yi miyar yau da su. Hausawa sun ce wake ɗaya ke ɓata gari.

Na biyu, kada a wanke. A share ƙura da ƙyalle busasshe, wanki sai ranar da za a dafa. In lalle ya yi datti an wanke, a shanya shi a inuwa har ya tsane sarai, musamman gindin hanci inda ruwa ke maƙalewa.

Na uku, a bar masa hancinsa. In an fizge hanci da ƙarfi an yi masa rauni, ta nan ruwa ke fita, ta nan cuta ke shiga. Sai fa hancin da ya fara baƙi ko yauƙi. Wannan a ware shi tare da na miyar yau.

Na huɗu, a naɗe shi cikin ƙyalle mai tsabta ko farar takarda, kana a sa a roba mai murfi ko leda wadda aka huda ƴan ƙofofi. Ƙyallen ne zai shanye gumi. Kada a danna, kada a cika maƙil. Gara ƙananan ƙulli uku da babba guda.

Na biyar, wurinsa shi ne akwatin ƙasa na firigo, wanda aka yi don kayan lambu, can sanyi ya fi sauƙi. Kada ya taɓa bangon baya. A nisanta shi da mangwaro, ayaba da nunannen tumatir, don suna fidda wata iska mai sa abin da ke kusa da su saurin tsufa.

Na shida, a leƙa shi duk bayan kwana 2 ko 3. Ƙyalle ya yi danshi, a sake wani. Wanda ya fara laushi, a fidda shi.

Wata za ta ce, malam, mako uku ba zai kai ni bazara ba. Gaskiya ne. Mai son ajiyar watanni sai ɗakin ƙanƙara. Nan kam a wanke, a tsane, a cire hanci, a sa shi sukutum ko a jajjaga, a ƙulla daidai na miya ɗaya-ɗaya. A sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri zai yi watanni. In ya narke zai yi laushi, amma zafinsa na nan, kuma tukunya ba ta damu da laushi ba. Wanda ya narke a dafa shi, kada a maida. In an ɗauke kuran, ku hana yara buɗe ƙofa: firigo a rufe yakan riƙe sanyinsa wajen awa 4, babban injin ƙanƙara cike da kaya kuwa yakan kai kwana 2.

Ina ja muku kunne kan abu ɗaya. Kada a jajjaga ɗanyen yaji da tafarnuwa a zuba mai a bar shi a ɗaki kwana da kwanaki. Akwai wata ƙwayar cuta mai son wurin da iska ba ta shiga, dafinta na kisa, kuma ba lalle ya yi wari ba. Irin wanga haɗi, ko dai ƙanƙara, ko a cinye shi nan kusa.

Waɗanda ba su da firigo, kada ku ce zancen bai shafe ku ba. Wani malamin makaranta na arewacin Nijeriya, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, har aka ba shi kyautar Rolex a shekara ta 2000. A samu tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, a sa ƙaramar cikin babbar, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da marece, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Yadda randa ke sanyaya ruwa, haka take sanyaya yaji. Ta fi aiki da rani. Da damina, iska na da danshi, ƙarfinta kan ragu. Maginan tukwanenmu za su iya yin ta.

Kuma kada mu raina shanya, ita ce ajiyar kakanninmu. Da busasshen tattasai mutanen Diffa, na bakin Komadugu, sunka yi suna har ƙetaren iyaka. Sai dai a shanya bisa tabarma ko rumfa, ba ƙasa tsirara ba, a bari ya bushe ƙayau kafin a sa a buhu. Wanda ya yi hunhuna a zubar, kada a daka shi cikin yaji, gubarsa na taɓa hanta.

Iyayena, abin da nike roƙo shi ne kowace ta gwada. In an sayo na kasuwar wanga mako, a raba biyu: rabi yadda aka saba, rabi yadda na faɗa. A taro mai zuwa kowa ta zo da labarin abin da ta gani, gani ya kori ji.

Allah shi sa albarka ga garakenmu, shi tsare mu da hasara.