Halal a Teksas, Laifi a Niyok

Yau da 'yan uwanmu mazauna Amurka nake, musamman direbobin manyan motoci da ke ratsa jihohi, da masu aika wa juna kaya ta gidan waya. Bindigar da aka sayar maka bisa ƙa'ida a wata jiha tana iya kai ka kurkuku a jihar da kake kwana. Asalin tsaurin nan kuwa jini ne. Doguwar bindigar da aka harbe Shugaba Kennedy da ita a 1963 ta wasiƙa aka yi odarta, kuma bayan kisan Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968 majalisar tarayya ta kafa dokar da ta toshe wannan kafa. Tun daga nan, wanda ba shi da lasisin dillanci ba ya sayar wa mazaunin wata jiha bindiga, ba ya kuma aika masa kai tsaye. Sai a tura ta wurin dillali mai lasisi a jihar mai karɓa, ya cika takarda mai lamba 4473, a binciki tarihinsa, sannan a miƙa masa. Gyaran 1986 ya ɗan sassauta: kana iya shiga shagon dillali a wata jiha ka sayi doguwar bindiga ido da ido, muddin cinikin bai saɓa wa dokar jiharka ko tasa ba.

To amma inda ƙafa ta fi zamewa shi ne gidan harsashi, kuma nan ne hankalina bai kwanta ba. Haramcin da tarayya ta sa wa mai cin fiye da harsashi 10 ya fara a 1994, ya ƙare a 2004, daga nan kowace jiha ta kama gabanta. Teksas da Jojiya ba su sa iyaka ba. Niyok da Kalifoniya sun tsaya a 10, Kolorado a 15. Ɗan ƙarfe ne da zai shiga aljihu, ana sayensa ba tare da bincike ba, shi ya sa mutanenmu ke raina shi, su jefa a jaka su manta. Haba jama'a! Rashin sani ya fi dare duhu, alƙali kuwa ba ya karɓarsa a matsayin uzuri.

Wani zai ce ai tsarin mulki ya ba kowa 'yancin riƙe makami. Ya bayar, ana ma ta shari'a a kan waɗannan iyakoki, amma ɗan sandan da ya tsayar da kai da dokar jiharsa ta yau yake aiki. Wani ya ce kyauta zai yi wa ƙaninsa, ba ciniki ba. Doka ba ta raba su ba, idan ƙanin yana wata jiha sai ta hannun dillali. Mai cewa wucewa kawai yake yi, yana da kariya idan bindigar ba harsashi a ciki, tana kulle inda hannu ba ya kaiwa, kuma halal ce a inda ya taso da inda za shi. Ya yada zango ya kwana, kariyar tana iya kuɓuce masa. Ga mai katin zama kuma abin ya ninka, domin hukunci a kan laifin bindiga dalili ne na kora daga ƙasar. Kafin ka rufe kwali ko ka tayar da mota, kira dillali mai lasisi a jihar da kayan za su sauka, ka faɗa masa irin bindigar da yawan harsashin da gidanta ke ci.