Kifin Ado da Jakar Iskarsa: Lacca a Zangon Kwatano

 

Kowa ya san yadda akwatunan gilashi masu jan kifi suka yawaita a gidaje da shagunan garin nan, kuma wanda ya taɓa ajiye su ya ga ranar da kifi ke wayar gari ciki sama, ko ya kishingiɗe a gefe guda, ko ya nutse ya kasa tasowa, alhali da ransa. Saɓanina da abokan aikina likitocin dabbobi, shekara da shekaru, shi ne da zarar an kai musu wannan kuka sai su rubuta maganin ƙwayoyin cuta na oxytetracycline a zuba cikin ruwa, ni kuwa na tsaya a kan cewa galibin illar daga abinci da ruwa da zafi take, watau daga hannun mai kiwo.

Allah Maɗaukaki ya sanya wa mafi yawan kifaye jakar iska tsakanin ƙashin baya da hanji, domin tsoka da ƙashi sun ɗan fi ruwa nauyi, kuma iskar da ke cikinta, wadda takan kai kimanin kashi 7 cikin 100 na girman jikin kifin kogi, ita ke riƙe shi inda ya so, kamar yadda gora ke riƙe masunci a Argungu. Amma jakar iri biyu ce. Ta karfasar tabkin Nokoué rufaffiya ce, daga jini take samun iska sannu a hankali. Ta jan kifin ado kuwa, wanda mutanen Sin suka kiwata tun kusan shekara dubu, ɗaki biyu gare ta, da siririyar kafa da ta haɗa ta da maƙogwaro. Sa'an nan wannan kifi ba shi da tumbi na haƙiƙa, abinci hanji yake zarcewa, kuma nau'o'in da aka fi so, irin su Oranda da Ryukin, an yi ta zaɓen su don gajarta da ƙiba har kayan cikinsu suka cunkushe, ta yadda hanji na kumbura sai ya danne jakar.

Yanzu ga hujjar da nake roƙon ku riƙe. Jan kifi ya fi jin daɗin ruwa mai awon zafi tsakanin 18 da 23, alhali matsakaicin zafin Kwatano yana wajen 27 duk shekara, ɗakin da rana ke duka kuwa ya wuce haka. Lita guda ta ruwa a awo 20 tana ɗaukar kimanin miligiram 9 na iskar shaƙa, a awo 30 kuwa ba ta wuce 7 da rabi ba, kuma a daidai lokacin da iskar ke raguwa buƙatar jikin kifi ke ƙaruwa, domin zafi na hanzarta aikin jikinsa. To idan aka tara kifi shida a tulun gilashi mai ƙaramin baki, aka watsa busasshen abinci mai yawo a sama safe da rana da dare, saura ya ruɓe ya haɗu da kashinsu ya zama guba, ina mamaki idan suka taso suna haɗiyar iska, hanji ya cika, jaka ta matsu, kifi ya kife? Wannan silsila ce ta sababi da musabbabi, kuma babu gaɓa ɗaya a cikinta da maganin ƙwayoyin cuta ke warwarewa. Bal ma yana kashe ƙwayoyi masu amfani da ke zaune a matatar ruwa suna narkar da gubar.

Za a ce ai ƙwayar cuta ma takan kama jakar. Haka ne, kuma tana da alamunta: gyambo, da kumburin jiki, da ɓawo ya miƙe tsaye, sai an gan su a nemi likita. Masu cewa ƙaddara ce kuwa, su tuna hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da matar da ta tsare kyanwa har ta mutu. Dabbar da ka killace amana ce a wuyanka, kuma israfi wajen ciyarwa cutarwa ne.

Shawarata ita ce wadda na saba bayarwa. Kifin da ya kife a hana shi abinci kwana biyu zuwa uku, a rage zurfin ruwan, sa'an nan a ba shi dafaffen koren wake da aka ɓare. Kullum a jiƙa abinci ya nutse, gwargwadon abin da zai cinye cikin minti biyu. A sauya rubu'in ruwa kowane mako, da ruwan famfo da ya kwana biyu a buɗe har kulorin ya fita, kuma a zaɓi akwati mai faɗin baki, nesa da taga. Masu sayarwa su riƙa faɗin wannan kafin su karɓi kuɗi, Jami'ar Abomey-Calavi kuma ta ba lafiyar kifin ado gurbi mai kyau a karatun ɗalibanta. Mafi muhimmanci, mu koma ga kifayen ruwayenmu da suka saba da zafinmu, irin su Hemichromis mai ja da Pelvicachromis na kudancin Najeriya, waɗanda Turawa ke saye da kuɗinsu suna ado da su. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.