Jawabin Kwamiti a Taron Cikar Shekara: Harshen Takarda da Kuɗin Manhaja

 

Ranka ya daɗe shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawan kasuwa, iyaye mata masu fatauci, da baƙinmu na Garwa da Yola, sannunku da zuwa. Mun gode wa Allah da ya nuna mana zagayowar wannan rana lafiya. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.

Maganar da kwamiti ya ɗora mana ita ce ta koyon harshe ta waya, domin yaranmu da dama sun fara biyan kuɗi a kai, kuma iyayen gidansu suna ta tambayarmu ko kuɗin nan yana da amfani.

Kowa ya san ba mu da matsalar harshe a tsakar kasuwa. Nan Poli, mutum ɗaya zai yi ciniki da Fulatanci, ya juya ya gaisa da Badowaye da yarensa, ya kira abokin hulɗarsa na Jimeta da Hausa. Babu wanda ya biya ko sisi ya koyi wannan, zama da mutane ne ya koya mana. Inda muke shan wuya shi ne gaban tebur. Takardar duwan da Faransanci take, ta kwastan da Turanci. Wanda ya ɗauki gyaɗa ko masara ya bi ta Beka zuwa Gurin, hukuma biyu zai tarar, kowace da harshenta. Nawa ne a cikinmu suka dangwala yatsa a takardar da ba su san abin da ke cikinta ba? Nawa ne suka biya tara, alhali rasit ɗin da ke aljihunsu ya isa ya wanke su da sun iya karanta shi?

Ko ƙidaya tana da tarko. In Bafaranshe zai ce casa'in, sai ya ce ashirin huɗu da goma. Mu kanmu, jaka ɗaya a Kano naira 200 ce, a lissafin sefa kuwa 1,000 ce. Wanda bai kiyaye ba, a nan ribarsa take zubewa.

To, me manhajojin nan suke bayarwa? Iri uku muka duba. Akwai irin Duolingo, wadda ta fito a 2012: darasi kyauta da talla a tsakani, in ka biya a cire maka tallar. Amma ba ta yin bayani da Hausa ko Fulatanci, sai da Turanci ko Larabci da makamantansu. Akwai irin Tandem da HelloTalk, inda ake haɗa ka da wani ku yi musaya, ka koya masa naka, ya koya maka nasa. Akwai kuma irin italki, inda kake ɗaukar malami ka biya shi gwargwadon darasi.

Abin da muka lura shi ne, duk wadda ta fi amfani a cikinsu, mutane take sayar maka: abokin hira da mai gyara maka kuskure. Mu kuwa Allah ya hore mana mutanen. A ɗakin nan akwai 'ya'yanmu da suka yi lakwal a Garwa, akwai waɗanda suka yi boko a Yola. Me zai sa mu biya kuɗin waje neman abin da ke zaune kusa da mu?

Saboda haka kwamiti yana kawo shawara uku. Ta farko, mu buɗe zama sau ɗaya a mako bayan la'asar, mata da nasu zaman. Kowa ya zo da tsohon rasit ko takardar kaya, a karanta ta layi-layi har a gane. Ta biyu, masu Faransanci da masu Turanci su yi musaya biyu-biyu, in tafiya ta raba su, su ci gaba da saƙon murya a WhatsApp, tunda ba ya cin data sosai kuma yana jira har sabis ya dawo. Ta uku, in za a kashe kuɗi, a fitar daga asusu a ɗauki malami ɗaya na kowa. Akwai cibiyar Alliance a Garwa da ke koyar da Faransanci, za mu tura wakili ya ji tsarinsu.

Ba mu hana kowa manhaja ba. Amma a fara da ta kyauta wata guda. A kuma sani cewa rajistar biya takan sabunta kanta, a ci gaba da cire kuɗi ko ka daina buɗewa, sai ka shiga ka soke da hannunka. Kuma duk abokin hirar da ya fara tambayar lambar sirrin Orange Money ko MoMo, ba malami ba ne, a rabu da shi.

Mai son shiga zaman ya ba magatakarda sunansa kafin a watse, ya faɗi harshen da yake nema da wanda zai iya koyarwa.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya tsare mu a hanya, ya maimaita mana. Wassalamu alaikum.